An ƙwace min WhatsApp, ana karɓar kuɗi da sunana: ina mafita?

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga gida. Kusan duk cinikina ta WhatsApp nake yi, kuma ni ce uwar adashi a wani zauren WhatsApp na mata. Wani mutum ya kira ni da sallama da ladabi, ya ce daga ƙungiyar iyayen yara ta makarantar 'ya'yana yake, za a yi taro ta waya da daddare, an turo min lambar shiga taron, in karanta masa ya sa sunana. Na karanta. Ko minti biyar ba a yi ba WhatsApp ɗina ya fita. Kafin magariba an bi mutanena ana cewa asusuna ya samu matsala, a tura zubin adashi wani asusun. Mata biyu sun tura, ƙanwar mijina ma ta tura dubu 40 wai rance nake nema. Yaya zan dawo da shi? Sun ga hirarrakina da hotunana? Kuɗina na banki fa? Kuma waɗanda suka tura, ni zan biya su?

Amsa: Hajiya, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar miki da alheri. Tambayoyinki huɗu ne, amma akwai abin da ya fi su gaggawa, da shi zan fara. A daidai wannan lokacin ɓarawon yana can yana magana da mutanenki da sunanki. Layinki kuwa yana hannunki, kira da tes suna aiki. To ki kira mutum uku ko huɗu masu faɗa a ji a cikin dangi da kwastomomi, ki ce su yaɗa cewa WhatsApp ɗinki ba ya hannunki, kada wanda ya tura ko kwabo. Ki ari wayar wata da ke cikin zauren adashin ki yi musu saƙon murya da bakinki. Duk zauren da kike ciki, a gaya wa admin ya cire lambarki na ɗan lokaci. Mutane da yawa a nan suke ɓata yini guda, saboda kunyar a ce an yi musu wayo, suna ta ƙoƙarin gyarawa a ɓoye. Shi kuwa ɗan damfara wannan yinin ne kasuwarsa ke ci.

Dawo da shi ba wuya muddin sim ɗin yana wayarki. Kada ki goge manhajar, don tsofaffin hirarrakinki suna cikin wayar, gogewa na iya salwantar da su. Ki buɗe ta kawai, ki sa lambar wayarki kamar ranar farko, za a turo miki lambobi shida ta tes, ki shigar da su da kanki. WhatsApp ba ya yarda lamba ɗaya ta yi rajista a waya biyu, don haka da zarar kin shigar, an kori ɓarawon daga nasa ɓangaren, kamar yadda shi ma ya kore ki.

Abu biyu ne kan kawo tsaiko. Na farko, waɗannan mutane sukan yi ta neman sabuwar lamba suna shigar da ta bogi da gangan, har sai manhajar ta ce a jira sa'o'i kafin a sake turowa. Idan kin ga agogo yana ƙirge a allon, ki bar shi ya ƙare, kada ki yi ta dannawa, ki lura da lokacin da zai cika ki riga su. Idan tes bai shigo ba, akwai zaɓin a kira ki a karanta miki lambar. Idan kiran ma ba ya zuwa, ki danna ##002# ki kira, wannan yana soke duk wani karkatar da kira da aka ɗora wa layi, don wasunsu sukan sa mutum ya danna wasu lambobi masu taurari da ke mayar da kiransa zuwa wayarsu. Na biyu, bayan kin shigar da lambobi shidan, ana iya tambayarki wata lambar sirri da ba ki taɓa sa wa ba. Ɓarawon ne ya sa ta. A nan ƙa'idar WhatsApp ita ce ki jira kwana 7, sannan ki shiga ba tare da ita ba. Yana da ciwo ga mai ciniki, na sani, amma ga abin da zai kwantar miki da hankali: tun lokacin da kika shigar da lambar tes ɗin an riga an fitar da shi. Ke ba ki ciki, shi ma ba ya ciki. Duk wanda ya ce ki ba shi dubu biyar ko goma ya rage miki kwanakin nan, ko a shago ko a Facebook, kuɗinki kawai zai ci, babu wanda ke da wannan ikon.

Ranar da kika shiga, kafin ki amsa sallamar kowa, ki je saitin, ki shiga Account, ki kunna abin da aka rubuta Two-step verification. Za ki zaɓi lambobi shida naki na kanki, ki haɗa da adireshin imel da kike iya buɗewa. Kada ki sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarki ko 123456. Da wannan na kunne tun farko, ko kin karanta masa waccan lambar, da ya tarar da ƙofa ta biyu a rufe. Aikin minti biyu ne, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani a duk wannan amsar. Daga nan ki duba Linked devices, wato jerin na'urorin da aka jona da WhatsApp ɗinki, ana iya jona har guda huɗu. Duk wadda ba ki sani ba ki fitar da ita. Sai ki bi zaurukan da kike shugabanta ɗaya bayan ɗaya ki karanta sunayen mambobi. Sau da yawa ɓarawo kafin a kore shi yakan shigar da wata lambarsa ya naɗa ta admin, ya yi shiru a ciki yana jiran ranar zubi.

Batun ko sun ga hirarrakinki, mafi yawanci amsar a'a ce. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, kuma a cikin wayarki suke zaune. Wanda ya yi rajistar lambarki a wata wayar, fanko yake tararwa: babu tsohuwar hira, babu hotunan da kika tura wa wani a baya. Abin da yake samu shi ne zaurukan da kike ciki, da sunayensu, da lambobin duk mutanen ciki, da duk saƙon da ya shigo bayan ya shiga. Wannan kuwa ya ishe shi. Zaure mai suna "Adashin Juma'a" ya gaya masa komai, kwastoma ɗaya ta rubuto "Hajiya turo akawun" ta ƙarasa masa sauran. Wuri biyu ne za a iya ganin tsohuwar hira: idan ya samu shiga Gmail ɗinki inda ake ajiye kwafin hirarraki, ko kuma idan ta hanyar jona na'ura aka shigo miki. Wannan ta biyun ta fi muni, don WhatsApp ɗin mutum ba ya fita, yana ta harkarsa wani yana karantawa. Naki ya fita, saboda haka ba ita ba ce. Idan wani ya bugo yana barazanar zai watsa hotunanki sai kin biya, kada ki biya, kada ki yi jayayya da shi, ki adana saƙon ki gaya wa maigida. Wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi.

Wataƙila kina mamakin yadda ya san makarantar yaranki. Mafi kusa da gaskiya shi ne an riga an ƙwace na wani uba ko wata uwa a zauren iyayen yaran, daga nan ya kwashi lambobinku, ya ga sunan makaranta, ya ga yadda kuke kiran juna. Yanzu kuma daga naki ya kwashi na matan adashi, da na 'yan islamiyyarku, da na dangin mijinki. Gobe ko jibi za a kira su da labarin da ya dace da kowane zaure: ga 'yan islamiyya taron walimar sauka, ga tsofaffin ɗalibai taron shekara, ga ma'aikata tantancewar albashi. Don haka sanarwar da za ki yi kada ta tsaya a "kada a tura kuɗi". Ki ƙara da cewa duk wadda aka kira aka nemi ta karanta lamba, ta kashe wayar.

Ki lura da abin da mutumin nan ya yi, don babu wani ƙwarewar kwamfuta a ciki. Ya ɗauki wayarsa, ya rubuta lambarki a WhatsApp, manhajar ta turo miki lambar tabbatarwa kamar yadda take yi wa kowa, shi kuma ya roƙe ki ita. A cikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa, sai dai da Turanci ne, kuma yana kan layi yana ce miki "ki duba yanzu, Hajiya, mutane na jira", ba ki samu sararin karantawa ba. Jarinsa sallama ce da "ranki ya daɗe" da gaggawa. Ya san tarbiyyarmu ba ta yarda mutum ya yi maka sallama ya ambaci makarantar 'ya'yanka, ka ce masa ban yarda da kai ba. Na ga malaman jami'a da ma'aikatan banki da wannan kira ya ci, don haka batun ba na ƙarancin boko ba ne. Abin da nake koya wa mutane shi ne su tanadi jimla ɗaya a baki wadda ba ta da rashin kunya a ciki: "To madalla, bari in kira ka." Sai ki kashe, ki kira shugaban makarantar ko wanda aka ce shi ya aiko, a lambar da kika sani tun da. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Maƙaryaci ne zai ce a'a, kada ki kashe, yanzu za a rufe. Ƙa'idar kuma ba ta da togiya: duk lambar da ta shigo wayarki ta tes, daga WhatsApp ne, daga banki ne, daga Facebook ne, ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce ma'aikacin wurin ne, ko da muryar ta yi kama da ta wanda kika sani. Babu taron da ake shiga da lambar da ake karanta wa wani.

Kuɗinki na banki, lambar da kika bayar ba ta buɗe shi. WhatsApp daban, banki daban. Sai dai idan ya ƙara tambayarki wani abu a kiran, kamar lambobin jikin katin ATM, ko BVN, ko wata lambar da banki ya turo, to ki je banki yau a rufe katin a canza lambobin sirri. Haka idan kin taɓa tura hoton katinki gaba da baya a wani zaure.

Amma tunda kin taɓo banki, bari in ja hankalinki ga abin da ya fi WhatsApp haɗari, wato sim ɗin kansa. Layin nan shi ne mukullin ƙofar gida, banki da WhatsApp da Facebook da Gmail ɗakuna ne a ciki, kowannensu idan aka ce an manta lambar sirri, layin yake turo wa sabuwa. Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, aka kuma umarci a haɗa layuka da NIN daga Disambar 2020, kusan duk shaidar mutum ta taru a wannan ɗan ƙaramin katin. Wanda ya saci waya a kasuwa ko a adaidaita sahu, sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba. Zai zare sim ya sa a ƙaramar waya mai madannai, inda kullen allonki ba shi da amfani, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinki, ya danna *346# ya nemi NIN, sannan ya bi lambobin bankuna na tura kuɗi ba tare da data ba yana gwadawa. Maganin wannan shi ne a sa wa sim ɗin lambar sirri tasa, ana samun wurin a saitin tsaro na kowace waya. Idan an sa, duk wayar da aka kai shi sai ya nemi lambar kafin ya kama sabis. Ki yi hattara wurin sawa: kuskure uku yana kulle shi, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, don haka in ba ki da tabbacin lambar farko ta kamfanin, ki shiga ofishinsu su yi miki a gabanki. Ki kuma tambayi bankinki lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu idan waya ta ɓata, kusan kowane banki yana da tasa. Ki rubuta ta a takarda ki ajiye a gida, ajiye ta a cikin wayar da za a sace ba shi da amfani.

Akwai wata matsala da ta fi yawa a wurin mata. Layin da kike kasuwanci da shi, da sunan wa aka yi masa rajista? Da yawa na maigida ne, ko na ɗa, ko na wani yaron shago da ya sayar da shi da rajistarsa. Ranar da layin ya ɓata kika je a yi miki walkam-bak, mai NIN ɗin za a nema. Idan yana raye kuma kuna shiri, da sauƙi. Idan babu shi, lambar da duk kwastomominki suka sani ta tafi. Ki gyara wannan tun da sauran lafiya. Haka tsohon layin da aka jefar a durowa alhali yana haɗe da asusun banki: kamfanoni suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, sai alat ɗinki ya koma shiga wayar baƙo. Idan kuma wata rana kika ga sabis ya ɗauke a wayarki ke kaɗai, na kowa a gidan yana aiki, kada ki ce matsalar netwok ce ki kwana. Ki kira banki a tsayar da asusun, ki nufi ofishin layin da katin shaidarki.

Sauran ƙofofin ƙanana ne amma ta nan ake shiga. Ranar da aka sayi waya a Farm Centre ko wata kasuwar waya, yawanci yaron shagon ne ke buɗe wa mutum Gmail da Facebook, kuma don kada a manta sai ya sa lambar wayar a matsayin kalmar sirri. Ba da mugunta yake yi ba, amma duk mai lambarki ya san kalmar sirrinki ke nan. Ki canza su, kowanne da tasa daban. Ki saita wayar yadda saƙon tes ba zai riƙa bayyana a allo tana kulle ba, saboda wurin mai caji da wurin biki inda ake jera wayoyi a soket ɗaya. In za a kai gyara, a zare sim da memori. Sannan GB WhatsApp da 'yan uwansa, waɗanda 'yan mata ke so don ganin saƙon da aka goge da sauke sitatus ɗin mutane: ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba a san hannun da saƙonnin ke bi ba, kuma kamfanin yana rufe lambobin masu amfani da su. Mai kasuwanci ba ta da abin yi da su.

Yanzu kuɗin da aka tura. Kowace daga cikin ukun ta tuntuɓi bankinta ita da kanta, yau, don bankin wanda ya tura ne ke bin sawu. Ta je da rasit ɗin tiransifa mai ɗauke da lokaci da lambar shaidar cinikin da sunan asusun da kuɗin ya shiga, da hoton hirar da aka yi da ita. Ta ce damfara ce, ta nemi a sanar da bankin da ya karɓa ya riƙe asusun, ta karɓi lambar ƙorafi a rubuce. Yawanci kafin a dawo da kuɗi sai an kawo rahoton 'yan sanda, wani lokaci da umarnin kotu. Idan bankin ya yi mako biyu bai ce komai ba, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Ba zan ɓoye miki ba: irin wannan kuɗi cikin mintuna ake rarraba shi zuwa wasu asusun ko a cire a wurin mai POS, idan an kwana, samunsa sai an yi sa'a. Duk da haka a kai rahoton. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta sojan gona da sunan wani a sashe na 22, rundunar 'yan sanda tana da cibiya ta musamman kan waɗannan laifuka a Abuja, EFCC kuma tana da ofishi a Kano. Kowane asusu yana rataye da BVN ko NIN na wani, kuma idan ƙorafi ya taru a kan asusu ɗaya, yakan kai ga kama mutum.

Abin da ba na so ku yi shi ne ɗaukar sunan da ya fito a rasit ku watsa a sitatus da Facebook da "ga ɓarawo, Allah ya isa". Sau da yawa mai wannan sunan bai san an buɗe asusu da takardunsa ba, ko kuma wani ɗalibi ne ko ɗan acaɓa da aka ce wa "ara min akawun ɗinka a turo min kuɗi, zan ba ka na kati". Idan na farkon ne kun zalunci bawan Allah, kuma yana iya kai ku ƙara kan ɓata suna. Ku bar sunan a hannun banki da hukuma. Ki kuma ja kunnen samarin gidanki kan aron asusu, don ranar da aka zo kamu, mai asusun ake fara ɗauka.

Wa zai biya? A shari'ance wanda ya ci kuɗin shi ake bi bashin, ke ma cutarki aka yi, kuma kuɗin bai taɓa shiga hannunki ba. Amma ni ba zan ba ki shawarar ki tsaya a nan ki naɗe hannu ba. Sakaci ya faru ta ɓangare biyu: ke kin karanta lambar, su kuma sun ga sunan wani ƙato da ba su sani ba ya fito a allo kafin su danna tura, suka tura ba tare da sun buga miki waya ba. Wadda ba ta da laifi ko kaɗan ita ce mai kwasar wannan zagayen, don haka kada a ce ita za ta karɓi kuɗinta da giɓi. Ki tara matan, ido da ido in zai yiwu, ki faɗi abin da ya faru ba ragi, ki fara da cewa ga abin da za ki iya ɗauka. Uwar adashi da amana take cin abinci, kuma rabin zubin mutum biyu bai kai darajar a ce Hajiya ta tsaya da mutanenta ba. Idan aka samu saɓani kan hukuncin, ku kai wa malamin da ya san fiƙihun mu'amala, ku gaya masa duka ɓangarorin biyu. Ita kuwa ƙanwar maigida, don ta taimake ki ta tura, a zatonta kina cikin matsi. Ki sanar da yayanta, kuma in da hali ki mayar mata ko da kaɗan-kaɗan ne. Dubu 40 tsakanin mace da dangin miji, in aka bar ta, shekara goma ana tuna ta a wurin suna.

Daga nan zauren ya yi doka. Asusun zubi ɗaya ne, a rubuta lambarsa da sunansa a bayanin zaure, kuma ba a canza shi ta rubutu har abada, sai an ji daga bakinki a kiran waya na layi ko an gan ki. Saƙon murya ma kaɗai bai isa ba idan batun kuɗi ne, don yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa. Admin ya zama aƙalla biyu, yadda idan an ƙwace na ɗaya, ɗayar za ta cire ta nan take. Kowace mamba ta kunna lambar sirrin nan ta biyu, wadda ba ta iya ba a yi mata ranar haɗuwa. Ke kuma a cinikinki, hoton rasit ba kuɗi ba ne, tes ɗin alat ma ana ƙirƙirarsa. Sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin ya hau kafin ɗan aike ya fita da kaya.

Tunda ke ce babba a zauren, abin da ake turowa ciki ma yana wuyanki. Mahaɗin intanet, wato link, na "tallafin gwamnati, cike sunanka", "data kyauta", "kujerar Makka kyauta, tura wa mutum ashirin": duk wanda ya ce sai ka tura wa wasu kafin ka samu, tarkon tattara lambobi da bayanai ne, ki goge shi ki gaya wa mai turowa dalili a gefe, ba a gaban mutane ba. Haka tallan zuba kuɗi a ninka maka cikin wata ɗaya. Mutane sun ga yadda MMM ta tsaya a Disambar 2016, suka sake ganin CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kuma duka biyun ta hannun 'yan uwa da aminai suka yaɗu. Labaran lafiya da na tashin hankali sun fi waɗannan nauyi. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu, kuma kowane mai turawa don ƙauna ya tura. Shi ya sa tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wuri biyar a lokaci guda, yake kuma sa alamar kibiya biyu a kan wanda ya sha yawo. Idan kin ga wannan alamar a kan muryar wani da bai faɗi sunansa ba, bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba, ya tsaya a wurinki.

Sitatus ɗinki shago ne, duk wanda kuka ajiye lambar juna yana leƙawa. Hoton yara da rigar makaranta mai bajo, hoton tikitin jirgi, bidiyon ƙofar gida da lambar mota, rasit ɗin kwastoma da cikakken sunanta, duk kayan aiki ne ga mai shirya kira irin wanda aka yi miki. Hoton kwastoma sanye da leshin da ta saya kuwa, sai da izininta. Da so samu ne, layin kasuwa daban, na iyali daban.

Sai ki shirya wa kira na biyu, don yana zuwa. Lambar wanda aka taɓa ci tana yawo a tsakaninsu. Wani zai bugo ya ce daga ofishin WhatsApp yake, ko daga EFCC, ko sashen tsaro na banki, ya ce an kama yaran an gano kuɗin, sai dai a biya kuɗin buɗe fayil, ko a karanta wata lamba don a tabbatar ke ce. Zai ma iya faɗin adadin da aka tura daidai, tunda shi ya karɓa. WhatsApp ba ya kiran kowa a waya, hukuma kuma in tana nemanki ofis za ta gayyace ki, ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Ki gaya wa matan biyu da ƙanwar maigidan wannan tun yau, don su ne za a fi nema.